John Hutchinson: Ɗan mai lambu da ya tsara dangogin tsirrai masu fure

Mai sayen kimba a kasuwar Katako da ke birnin Yamai, ko yaron da ke tsinko bado a gaɓar kogin Isa, da wuya ya san cewa tsirran nan biyu suna cikin tsofaffin dangogin tsirrai masu fure a duniya. Ɗaya daga cikin masanan da suka tsaya kan wannan ra'ayi shi ne John Hutchinson.

An haife shi ranar 7 ga watan Afrilun 1884 a yankin Northumberland da ke arewacin Ingila. Mahaifinsa mai kula da lambu ne, kuma a hannunsa ya fara koyon aikin. A 1904 ya shiga lambun Kew na birnin Landan yana ɗalibin aikin lambu, daga baya aka mayar da shi ɗakin adana busassun tsirrai. Ya jagoranci sashen Afirka daga 1919 zuwa 1936.

A wancan lokaci, tsarin Bajamushe Adolf Engler ne ake bi, wanda ya sa masu ƙananan furanni marasa ado a sahun gaba. Hutchinson bai yarda ba. A littafinsa kan dangogin tsirrai masu fure, wanda ya fito a 1926 da 1934, ya nuna cewa fure mai ɓangarori da yawa a rarrabe, mai ɗauke da sashen namiji da na mace tare, shi ne na asali. Saboda haka ya fara lissafinsa da dangin magnoliya, ya sa dangin kimba da gwandar daji kusa da su.

Sai dai ya yi tuntuɓe a wuri ɗaya. Ya raba tsirrai masu tsirowa da ganye biyu, irin su wake, gida biyu: masu itace da masu laushin kara. Wannan ya raba 'yan uwa na kusa, ya sa tsarin ya sha suka. Binciken ƙwayoyin gado da aka soma tsara tsirrai da shi a 1998 ya watsar da rabon, amma ya tabbatar da tsufan dangin magnoliya, ya kuma sa bado cikin rassan farko-farko.

Aikinsa da ya fi shafar ƙasar Hausa shi ne kundin tsirran Afirka ta Yamma da ya rubuta tare da likita John Dalziel tsakanin 1927 da 1936. Dalziel ya yi aiki a arewacin Najeriya, ya kuma wallafa ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa a 1916. Tun kafin wannan, Hutchinson ya karrama shi da raɗa wa itacen hano sunan kimiyya Boswellia dalzielii.

Amfanin wannan aiki bai tsaya a takarda ba. Sunan tsiro na iya bambanta daga Maraɗi zuwa Kano, kuma kuskuren gane saiwa ko sassaƙe a harkar magani na iya jawo asarar rai. Har yau masu bincike na komawa ga kundin don tantancewa.

Hutchinson ya yi ritaya daga Kew a 1948, amma bai ajiye alƙalami ba. Ya rasu ranar 2 ga watan Satumban 1972 yana da shekara 88.