Edmond Halley da Tauraruwa Mai Wutsiya

A ƙasar Hausa, kamar sauran ƙasashen duniya, fitowar tauraruwa mai wutsiya takan tayar wa mutane da hankali. Wasu su ce alamar yunwa ce, wasu su ce yaƙi ne ke tafe, wasu kuma su ce wani babban sarki zai rasu. Saboda haka muka ga ya kyautu mu kawo wa 'yan'uwanmu ɗalibai da malamai da iyaye tarihin mutumin da ya nuna wa duniya cewa wannan tauraruwa tana da hanyarta da lokacinta, kamar yadda damina da rani suke da nasu. Sunansa Edmond Halley.

An haifi Halley a shekarar 1656 a kusa da birnin Landan, a ƙasar Ingila. Mahaifinsa attajiri ne mai sana'ar sabulu, bai kuwa yi ƙyashin kashe kuɗi a kan karatun ɗansa ba. A 1673 yaron ya shiga jami'ar Oksfod. A 1676, yana ɗan shekara 20, ya shiga jirgin ruwa zuwa tsibirin Sent Helena da ke kudancin tekun Atilantika, domin ya auna taurarin kudu waɗanda ba a ganinsu daga Turai. Gizagizai sun ba shi wahala ƙwarai, duk da haka ya koma gida da lissafin wuraren taurari 341. Wannan aiki ne ya fara fito da sunansa.

A 1682 wata tauraruwa mai wutsiya ta bayyana, Halley ya dube ta, ya rubuta abin da ya gani. A zamanin nan masana ba su san irin hanyar da waɗannan taurari ke bi ba. A 1684 ya tafi Kambirij wurin Isaac Newton da tambaya a kan yadda duniyoyi ke kewaya rana. Can ya tarar Newton ya riga ya warware matsalar, amma bai buga ba. Halley ya yi ta lallashinsa har ya rubuta babban littafinsa mai suna Principia, wanda ya bayyana ƙarfin jan juna da ke tsakanin rana da duniyoyi. Ƙungiyar masana ta Landan ba ta da kuɗin bugawa, sai Halley ya duba rubutun, ya biya kuɗin ɗab'i daga aljihunsa, littafin ya fito a 1687.

To, yaya ake bin sawun tauraruwa mai wutsiya? Mai dubawa yakan auna inda take a tsakanin taurarin da aka san wurarensu, ya rubuta rana da sa'a, ya sake yin haka dare bayan dare. Idan aka sami awo mai kyau a ƙalla sau uku, ana iya lissafa hanyarta: iyakar kusantarta da rana, da karkatar hanyar, da kuma gefen da take bi. Babu kwamfuta a lokacin, da alƙalami da takarda ake yin kome. Haka Halley ya tattara tsofaffin rubuce-rubuce, ya lissafa hanyoyin taurari masu wutsiya 24 da aka gani daga 1337 zuwa 1698.

Da ya jera sakamakon, sai ya ga uku daga cikinsu sun yi kama da juna ƙwarai: ta 1531, da ta 1607, da ta 1682 wadda ya gani da idonsa. Dukansu hanya ɗaya suka bi, kuma suna tafiya ne kishiyar yadda duniyoyi ke kewaya rana. Ya yanke cewa tauraruwa ɗaya ce ke tafiya tana dawowa a kan doguwar hanya mai siffar ƙwai. Akwai matsala ɗaya. Tazarar farko shekara 76 ce, ta biyu kuwa 75. Halley ya bayyana cewa manyan duniyoyi, musamman Jufita wadda malamanmu ke kira Mushtari, su ne ke jan ta, su sa ta yi sauri ko jinkiri. A 1705 ya buga littafinsa, ya ce za ta dawo wajen 1758.

Wannan ba ƙaramar kasada ba ce. Shekarunsa sun doshi 50, ya kuma san da wuya ya kai ranar. In tauraruwar ba ta dawo ba, sunansa zai zama abin dariya, kuma za a yi shakkar koyarwar Newton. Bai zauna jira ba. Ya koyi Larabci har ya fassara wani tsohon littafin lissafi da ba a same shi ba sai a rubutun Larabci. A 1720 aka naɗa shi babban masanin taurari na sarkin Ingila a Girinic, inda ya shafe shekara 18 yana auna tafiyar wata. Ya rasu a watan Janairu 1742 yana da shekara 85. Ya kamata mu tuna cewa a wannan zamani ƙasarmu ma tana da nata masanan. Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya yi rubutu a kan lissafin hatimi da ilimin taurari, ya rasu a Alƙahira a 1741.

Da lokaci ya matso, masana uku a Faransa, wato Clairaut da Lalande da wata mace mai suna Nicole-Reine Lepaute, suka yi watanni suna lissafin jan da Mushtari da Zuhal suka yi wa tauraruwar. Suka ce za ta fi kusantar rana a tsakiyar Afrilu 1759. A daren Kirsimeti, 25 ga Disamba 1758, wani manomi Bajamushe mai suna Johann Palitzsch ya hango ta da madubin hangen nesa. Ta kai kusa da rana ranar 13 ga Maris 1759, kuskuren wata ɗaya kacal a tafiyar shekara 76. Daga nan aka raɗa mata sunan Halley.

Ta sake dawowa a 1835 da 1910 da 1986, amma haskenta ba ɗaya ba ne kowane zuwa. Jikinta ƙanƙara ce da ƙura. In ta kusanci rana sai zafi ya sa ta fitar da tururi da ƙura, su ne wutsiyar da muke gani, wadda kullum take juya wa rana baya. Hasken kuwa ya danganta ga nisanta da rana da nisanta da mu. A 1910 ta wuce mu da tazarar kilomita wajen miliyan 22, aka gan ta sarai. A 1986 tazarar ta kai wajen miliyan 63, shi ya sa mutane da yawa suka duba ba su ga abin kirki ba. A watan Maris na shekarar ne kumbon Turai mai suna Giotto ya matsa kusa da ita da kilomita wajen 600, ya ɗauki hotonta. Aka ga tsawonta wajen kilomita 15 ne, kuma baƙa ce kamar gawayi.

A Disamba 2023 ta kai ƙarshen nisanta, can bayan duniyar Naftun, ta juyo. Ana sa ran ta a watan Yuli 2061. Kafin nan ma muna iya ganin sawunta. Sau biyu a shekara, a farkon Mayu da wajen 21 ga Oktoba, duniyarmu takan ratsa ƙurar da ta bari, sai mu ga abin da muke kira faɗuwar taurari. A garuruwa irin su Kuki, a yankin Dutsin-Ma da Kurfi, inda hasken lantarki bai cika sararin sama ba, wanda ya tashi da asuba kafin alfijir yana iya ƙirga su da idonsa.

'Yan'uwa ɗalibai, darasin a fili yake. Halley ya amfana da abin da mutanen 1531 da 1607 suka rubuta da gaskiya, shi kuma ya bar wa na baya aikin da bai ga ƙarshensa ba. Ya taimaki Newton da dukiyarsa ba tare da hassada ba. Hausawa sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa. Mu riƙe lissafi da kimiyya da hannu biyu, mu saba da rubuta abin da muka gani daidai yadda muka gan shi, domin wataƙila a cikinmu akwai wanda zai auna tauraruwar Halley a 2061.