Cicely Saunders: Matar da Ta Tsaya wa Majinyacin da Magani Ya Gaza a Kansa

Akwai wata magana a asibitocinmu da kan sa jikin dangin mara lafiya ya yi sanyi, wato idan likita ya ja babban gida gefe ya ce a mayar da majinyaci gida a ci gaba da addu'a. Masu ciwon daji, wanda wasu ke kira sankara, su suka fi kowa jin wannan magana, domin galibinsu ba sa isa asibiti sai ciwon ya riga ya ci jiki. Daga nan sai a bar mutum da raɗaɗinsa, a bar matarsa ko 'yarsa da ɗawainiyar da ba wanda ya koya musu. Wata Baturiyar Ingila, Cicely Saunders, ta ƙarar da rayuwarta wajen tabbatar da cewa ko magani ya gaza akwai sauran aiki a gaban likita.

An haife ta ranar 22 ga Yuni, 1918, a Barnet da ke arewacin Landan, a gidan masu hali. Ta shiga Jami'ar Oxford a 1938, amma da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke sai ta ajiye karatun a 1940 ta koma koyon aikin jinya a Asibitin St Thomas. Ciwon baya ya raba ta da wannan aiki, don haka a 1947 ta zama jami'ar walwalar marasa lafiya, mai duba matsalolinsu na kuɗi da na iyali.

A bakin wannan aiki ne ta haɗu da David Tasma, wani Bayahude ɗan ƙasar Folan mai shekara 40, ma'aikacin gidan abinci, wanda ciwon daji ya kwantar a ƙasar da ba shi da dangi. Ta riƙa kai masa ziyara suna tattauna irin wurin da ya kamata a tanadar wa mai jiran ajali. Da ya rasu a 1948 ya bar mata fam 500 domin gina irin wannan wuri. Sai da aka yi shekara 19 kafin ta cika wannan amana.

A tsakanin nan ta yi aikin sa-kai a St Luke's, wani gidan jinyar talakawa a Landan, inda ta ga ana ba marasa lafiya mofin ta baki a kan lokaci ƙayyadadde. Wani likitan tiyata, Norman Barrett, ya ba ta shawarar ta karanci likitanci, domin likitoci ba za su saurari ma'aikaciyar jinya ba. Tana da shekara 33 ta koma aji, ta fito likita a 1957.

Daga 1958 ta shafe shekara bakwai a gidan jinya na St Joseph's da ke Hackney, tana ɗaukar hirar majinyata a faifai tana rubuta yadda magani ke aiki a jikinsu. A wancan zamani sai mara lafiya ya yi ta kururuwa kafin a yi masa allura, saboda tsoron kada magani ya zame masa jaraba. Ita kuwa ta nuna cewa idan aka auna mofin daidai, aka riƙa bayarwa duk bayan awa huɗu tun kafin zafin ya dawo, mutum zai zauna cikin hayyacinsa, ya ci abinci, ya gana da iyalinsa, ya bar wasiyya. Bugu da ƙari, ta fito da fahimtar cewa ciwo dunƙule yake: akwai na jiki, akwai tsoro da baƙin ciki a zuci, akwai damuwar abin da iyali za su ci, akwai kuma tambayoyin da mutum kan yi game da makomarsa. Wanda ya magance ɗaya ya bar uku bai gama aiki ba.

A 1967 ta buɗe St Christopher's a Sydenham, kudancin Landan, da gadaje 54, inda ta haɗa jinya da koyarwa da bincike. A 1969 ma'aikatanta suka fara bin marasa lafiya har gida, daga baya kuma aka riƙa tallafa wa dangi bayan rasuwa. Kirista ce mai riƙo da addininta, amma ƙofarta a buɗe take ga kowa, kuma ta yi adawa da gaggauta wa majinyaci mutuwa da sunan tausayi. A 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin magance raɗaɗin ciwon daji mai hawa uku, a 1987 kuma Birtaniya ta amince da wannan fanni a matsayin reshen likitanci mai zaman kansa. Ciwon dajin mama ne ya yi ajalinta ranar 14 ga Yuli, 2005, a cikin gidan da ta gina.

Kada mai karatu ya ce wannan sai ƙasar masu kuɗi. Dokta Anne Merriman, wadda ta taɓa aiki a Najeriya, ta kafa irin wannan hidima a Yuganda a 1993 da ruwan mofin mai araha, a 2004 kuma ƙasar ta ba ma'aikatan jinya masu horo na musamman izinin rubuta shi. A nan gida, ƙoƙarin Farfesa Olaitan Soyannwo ya kai ga buɗe sashen wannan aiki a Asibitin Koyarwa na Ibadan a 2007.

To, mu dubi Ƙofa da sauran garuruwan Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa. Mai ciwon daji daga can sai ya nufi Asibitin Malam Aminu Kano ko Shika a Zariya, kuma kowace tafiya tana cin kuɗin mota da kwana da abinci, har ta kai ga sayar da akuya ko jinginar da gona. Alhamdulillahi muna da abin da David Tasma ya rasa, wato dangi da maƙwabta da al'adar dubiya. Sai dai dubiya ba ta kashe raɗaɗi, kuma mai zuwa gaisuwa ba kasafai yake tambayar matar da ta yi wata uku ba barci yaya take ba.

Saboda haka kira na farko ga hukumomin lafiya ne, su horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci yadda ake auna raɗaɗi da wanke gyambo da faɗa wa iyali gaskiya cikin hikima. Na biyu, yaƙi da shaye-shaye, wanda ya kai ga hana maganin tari mai kodin a 2018, wajibi ne, amma kada laifin wani ya shafi wani. A tsare mofin da rajista da sa ido, a kuma kai shi ga mai buƙata. Na uku namu ne 'yan boko da muka baro ƙauye: ƙungiyoyin ci gaban garuruwanmu su ware asusun kuɗin mota da magani, dangi kuma su tsara karɓa-karɓar jinya domin mai jinya ta samu hutu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya saka wa masu jinyarsu da alheri, amin.