Ummu Kulsum Ta Masar: Aure Da La'asar, Suna Har Gobe

Cikin watan azumi na shekarar 1999, gidan telebijin na ƙasar Masar ya nuna wani wasan kwaikwayo mai dogon zango wanda aka sa wa suna Ummu Kulsum. Malam Mahfuz Abdurrahman ne ya rubuta shi, wata mata gwanar shirya wasa mai suna In'am Muhammad Ali ta shirya shi, wata 'yar wasa da ake kira Sabrin kuma ta fito a matsayin mai sunan, tun daga 'yammatanci har tsufa. A lokacin kuwa ita Ummu Kulsum ɗin ta shekara 24 a kabari, amma duk dare in an sha ruwa sai ka ga gida ya taru gaban akwati. Abin da ya riƙe mutane ba daɗin murya kaɗai ba ne. Labari ne na macen da ta ba sana'a ƙuruciyarta duka, aure bai zo mata ba sai da rana ta yi la'asar, ta kuma yi aikin da ya fi fito da sunanta bayan furfura ta fito.

An haifi Ummu Kulsum wajejen shekarar 1900 a wani ɗan ƙauye da ake kira Tamai Zahaira, cikin lardin Daƙahaliyya, arewa da birnin Alƙahira. Mahaifinta, Shaihu Ibrahim Albaltaji, limamin ƙauyen ne. Abin da yake samu a limanci ba ya isar gida, saboda haka yakan je wajen biki da maulidi yana rera waƙoƙin yabon Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a ba shi ɗan abin hasafi. Yarinyar ta yi makarantar allo, a nan ta koyi fitar da kowane harafi daga inda ya kamata. Wannan horo shi ya zama jarinta har ƙarshen rayuwa, don ko maƙiyinta ya san ba a rasa kalma ɗaya a bakinta in tana waƙa.

Uban yana koya wa wanta Halidu waƙoƙin, ita kuwa tana gefe tana saurare, har ta haddace su ba wanda ya sani. Ran da ya ji muryarta sai ya shiga tafiya da ita. To, da yake abin kunya ne 'yar liman ta tsaya gaban maza tana waƙa, sai aka riƙa sa mata tufafin maza irin na Larabawan ƙauye, a rufe mata kai. Haka suka yi ta yawo ƙauye-ƙauye, wani lokaci a ƙasa, wani lokaci a kan jaki, wani lokaci a jirgin ƙasa.

Wajen 1923 suka ƙaura zuwa Alƙahira don neman abin kai. Birni bai karɓe su hannu biyu ba. 'Yan birni suka yi ta yi musu dariya, ana kiran su ƙauyawa, ana kushe suturarsu da yadda suke tsayawa a dandali. Ga kuma manyan zabiyoyi irin su Munira Mahdiyya sun riga sun kama gari. Har jaridu suka taɓa mutuncinta da maganganun da ba su da tushe, uban ya fusata ya yi niyyar kwashe iyalinsa ya koma gida, sai da abokan arziki suka ba shi baki.

Ita kuwa ba ta tsaya kuka ba. Ta duƙufa koyon waƙa wajen wani malami, Shaihu Abul Ila Muhammad, ta koyi zaman birni da karatun littattafai. A 1926 ta yi abin da ba kowace 'ya za ta iya ba: ta dakatar da mahaifinta da 'yan'uwanta daga yi mata amshi, ta ɗauko gwanayen makaɗa na birni, cikinsu har da Muhammad Ƙasabji mai kaɗa udu, wato molon Larabawa. Daga baya ma ita da kanta ta riƙa zama da masu kamfanin faifai tana yanke kuɗinta, ba ta yarda wani ya yi mata ciniki ba. Zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi.

Da aka buɗe gidan rediyon gwamnatin Masar a 1934, tana cikin waɗanda aka fara jin muryarsu. Daga nan aka kafa wata al'ada wadda ta ɗore kusan shekara arba'in: daren Alhamis ɗin farko na wata, in lokacin wasanta ya zo, sai ta yi waƙa a gaban jama'a, rediyo yana watsawa kai tsaye. Waƙa biyu ko uku take yi a dare, amma guda ɗaya takan kai awa, tana tsaye da ɗan hankici a hannu, tana maimaita baiti ɗaya ta hanyoyi iri-iri. Daga Bagadaza har Maroko, tituna sukan yi tsit a wannan dare. Ta kuma fito a sinima sau shida, daga Widad a 1936 zuwa Fatima a 1947.

To, amma ina batun aure? A nan ne tarihin ya yi nauyi. Wani mawallafin waƙoƙi mai suna Ahmad Rami ya sadu da ita a 1924, ya rubuta mata waƙoƙi fiye da ɗari, kowa kuma ya san da zuciyarsa yake rubutawa. Duk da haka ba su yi aure ba. Shi ya auri wata, ita ta ci gaba da aiki, suka zauna abokan sana'a har mutuwa ta raba.

A 1944 Sarki Faruƙu ya ba ta wata lambar girma wadda a da sai matan gidan sarauta da na manya ake ba wa. Ba a daɗe ba sai kawun sarkin, Sharif Sabri Basha, ya nuna yana son aurenta. Gidan sarauta suka hana. Sun yarda ta yi musu waƙa, sun yarda su rataya mata lamba, amma ba su yarda 'yar limamin ƙauye ta zama surukarsu ba. Wannan abu ya yi mata ciwo ƙwarai. Cikin wannan ɓacin rai ta amince da wani makaɗi mai suna Mahmud Sharif, amma masoyanta suka yi ca, suna ganin bai kai ba, al'amarin ya watse cikin 'yan kwanaki. Mai karatu ya duba wannan hali: na sama sun ce ba ta kai ba, na ƙasa sun ce ta fi ƙarfin wanda ta zaɓa.

Shekarun nan su ne mafi tsanani a rayuwarta. Mahaifiyarta ta rasu a 1947. Ciwon maƙoƙo ya kama ta, ga shi a maƙogwaro abincinta yake. Ciwon ya taɓa idanunta, hasken fitila ya riƙa damun ta, shi ya sa aka san ta da baƙin tabarau. Da hafsoshin soja suka tuɓe Sarki Faruƙu a 1952, aka hana sa waƙoƙinta a rediyo na ɗan lokaci, wai don ta yi wa sarki waƙa, sai da Jamal Abdul Nasir ya sa baki aka janye hanin. A 1953 aka kai ta asibitin sojan ruwa na Amurka da ke Betesda aka yi mata magani. Mutane da yawa sun ɗauka ta gama ke nan, don shekarunta sun kai hamsin.

Ashe Allah bai gama da ita ba. A 1954 ta auri Dokta Hasan Hifnawi, likitan fata, ɗaya daga cikin likitocin da ke duba ta, wanda kuma tun da can mai zuwa sauraron waƙarta ne. Ta girme shi, amma wannan bai hana komai ba. Shi ma ya san irin tarbiyyar da ta tashi a ciki. Bai nemi ya raba ta da sana'arta ba, bai kuma nemi ya shiga haskenta ba. Yana asibitinsa, tana dandalinta. Allah bai ba su haihuwa ba, amma sun zauna shekara 21, ba a ji kansu ba.

Abin mamaki, bayan wannan aure ne sunanta ya fi tashi. Da tsohuwar zuma ake magani. Ta jawo matasan masu tsara kiɗa irin su Balig Hamdi, wanda ta yi kusan haifa, ta yi aiki da su ba girman kai. A 1964, tana da shekara sittin ko fiye, ta haɗa hannu da babban abokin gasarta Muhammad Abdulwahab suka fitar da Inta Umri, wadda ta zagaye ƙasashen Larabawa kaf. A 1966 ta rera Al-Aɗlal da kiɗan Riyad Sunbaɗi, wadda masana da yawa suke ganin ita ce ƙololuwar aikinta.

Da Masar ta sha kashi a yaƙin 1967, tsohuwar nan ba ta zauna gida ba. Ta ba da gwala-gwalanta, ta shiga yawon ƙasashe tana waƙa, kuɗin da aka tara tana zuba wa baitulmalin ƙasarta. A watan Nuwamba na wannan shekara ta yi wasa sau biyu a zauren Olimpiya na birnin Faris, daga baya ta je Maroko da Tunisiya da Sudan da Libiya da Kuwaiti. Gwamnati ta ba ta fasfo irin na jakadu.

Amma tsufa ba ya karɓar cin hanci. Ciwon ƙoda ya matsa mata, ta yi wasanta na ƙarshe a watan Janairu 1973. Ran 3 ga Fabrairu 1975 Allah ya yi mata rasuwa a Alƙahira. Ran jana'izarta miliyoyin mutane suka cika tituna, har talakawa suka karɓe makara daga hannun masu ɗauka, suka yi ta miƙa ta daga kafaɗa zuwa kafaɗa sai masallacin Sayyidina Husaini, kafin limamin ya lallashe su a kai ta makwancinta. A 2001 aka buɗe gidan ajiye kayan tarihinta a tsibirin Rauda cikin kogin Nilu, inda aka ajiye tabaran nan da hankicinta.

Larabawa suna yi mata kirari da Tauraruwar Gabas, amma talakawan Masar Uwargida kawai suke ce mata, kowa ya san wadda ake nufi. Ta bar ƙauye ba ta da komai sai murya, birni ya raina ta, fada ta ƙi ta, ta jira har shekara hamsin kafin ta sami abokin zama. Duk wanda yake ganin rana ta yi masa nisa, ko a sana'a ko a aure, ya tuna da 'yar limamin Tamai Zahaira. Allah ya jiƙanta, ya gafarta mata, amin.