Sarkin Musulmi Bello da Ilmin Jiki

An haifi Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu cikin 1781, aka yi masa mubaya'a cikin 1817. Kowa ya san shi da yaƙi, amma kaɗan ne suka san ya wallafa littattafan magani, har da na ciwon ido da na basir. Da Baturen nan Kilafatan ya zo Sakkwato cikin 1824, Bello ya roƙa a aiko masa da likita daga Ingila. Ilmin jiki na malaman zamaninsa kuwa na su Ibnu Sina ne, wanda ya ƙidaya ƙasusuwan mutum 248. Yau an tabbata na baligi 206 ne. Bello ya rasu cikin 1837 a Wurno, ribaɗin da ya gina, can kabarinsa yake.