Joseph Greenberg, Ba'amurken da ya fara da Hausa

Yaran da nake koyarwa a nan Kilomita Biyar suna yin Hausa a gida, Sango a kasuwa, Faransanci a aji. Rannan wani ya tambaye ni, wai Hausa ma ana karanta ta a jami'a? Sai na ba shi labarin Joseph Greenberg.

An haife shi a birnin New York a 1915. A 1938 ya je ƙasar Kano yana ɗalibi, ya koyi Hausa, ya zauna cikin Maguzawa yana nazarin yadda Musulunci ya shafi al'adunsu. Da wannan binciken ya sami digirin dakta a 1940. Ya koyar a Jami'ar Columbia, a 1962 ya koma Stanford, can ya zauna har mutuwarsa a 2001.

Kafin shi, wasu masanan Turai kan raba harsunan Afirka bisa launin fata da kiwon shanu, har suka ware Fulatanci daga danginsa. Shi kuwa ya dage a kan kwatanta kalmomi da nahawu kawai. A littafinsa na 1963 ya kasa harsunan nahiyar gida huɗu. Hausa ta faɗa gida ɗaya da Larabci, Fulatanci da Sango kuma, duk da nisansu, ya haɗa su gida guda.

Masana na jayayya a kan wasu rabe-raben nasa har yau, ciki har da gurbin Sango. Amma yaron ya gane cewa harshen da yake jin kunyar yi a makaranta, da shi wannan malami ya fara.