Aljazari Mai Mutum-mutumin Ruwa

'Yan'uwana ɗalibai, yau zan ba ku tarihin wani maƙeri wanda ya riga mu gidan gaskiya shekara ɗari takwas da ɗoriya. Cikakken sunansa Badi'uzzaman Abul Izzi ɗan Isma'ila ɗan Razzaz, amma an fi saninsa da Aljazari, don asalinsa mutumin Jazira ne, wato ƙasar da ke tsakanin kogin Dijla da kogin Furat. An haife shi wajen shekara ta 1136.

Abin da ya sa na zaɓe shi, yaran yanzu suna tsammani mutum-mutumin inji daga Japan ko Amurka ya faro. A shekara ta 1983 kamfanin Tonka ya kai wa yaran Amurka waɗansu 'yan motocin wasa masu rikiɗa su zama mutum, ana ce musu GoBots, ƙirar kamfanin Bandai na Japan. Da shekara ta kewayo Hasbro ya fito da nasa, Transformers, waɗanda ya samo daga kamfanin Takara. Aka yi ta tsere a kasuwa har Hasbro ya yi rinjaye, a 1991 ma ya saye Tonka ɗungum. To, amma duk waɗannan sai yaro ya sa hannu ya murɗa su. Na Aljazari da kansu suke motsi, ba lantarki, ba batir, ruwa kawai.

Ya yi aiki shekara ashirin da biyar a fadar sarakunan gidan Artuk a birnin Amid, wanda yau ake kira Diyarbakir a ƙasar Turkiyya. Sarki Nasiruddin Mahmud ne ya umarce shi ya rubuta abubuwan da ya ƙera, don kada su ɓace. Ya gama littafin a 1206, da na'ura hamsin a ciki, kashi shida. Akwai agogo, da butoci da tasoshi, da maɓuɓɓugan ruwa, da injin ɗebo ruwa, har da kwaɗon da ba a buɗe shi sai an jera haruffa daidai.

Wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne agogon giwa. Ga giwa, ga mai korarta zaune a wuya, ga magatakarda da alƙalami a kan gadon baya, ga macizai biyu, can bisa kuma ga 'yar hasumiya da tsuntsu. A cikin cikin giwar akwai randar ruwa, da wata tasa mai ɗan huji a gindi tana yawo a kai. Ruwa yana shiga ta hujin kaɗan kaɗan, sai tasar ta yi rabin sa'a cur kafin ta nutse. Tana nutsewa tana jan zare, zaren yana juya magatakarda, alƙalaminsa yana nuna mintoci. Da ta nutse sarai, sai wata 'yar ƙwallon ƙarfe ta kuɓuto daga hasumiya, ta faɗo ta bakin shaho ta shiga bakin maciji. Nauyinta ya sa maciji ya sunkuyo, sunkuyowar nan tasa kuwa ita ke jawo tasar ta koma bisa ruwa. Tsuntsu ya juya, mai korar giwa ya yi duka, kowa ya ji rabin sa'a ta cika, aiki ya sake daga farko. Ku dubi dai yadda abu guda ke ta da wani, kamar gangarowar tulu daga tudu.

Akwai kuma ɗawisun wanke hannu. Ruwa ya zubo ta bakinsa, can sai wani ɗan bara ya buɗe ƙofa ya miƙo abin wanki, bayansa wani ya miƙo tawul. Akwai jirgin ruwa mai makaɗa huɗu da ake sakawa a tafkin fada, ruwa na juya wani gungume mai turaku, turakun na ɗaga hannun makaɗan.

Wani zai ce ai duk wannan wasan sarakuna ne, me talaka ya samu? Ni ban yarda ba. Dabarar da ta ɗaga hannun makaɗi ita ce ya kai bakin kogi. Duk wanda ya taɓa ganin manomin fadamar Rima yana fama da jigo tun asuba ya san wuyar ɗebo ruwa. Aljazari ya zana inji biyar na wannan aiki. A waɗansu dabba ce ke kewaya tana juya haƙoran katako, su kuma suna ɗaga manyan ludduna ɗaya bayan ɗaya. Na ƙarshe famfo ne mai bututu biyu, kogi ke juya shi, wannan na zuƙo ruwa wancan na tura shi sama.

Irin wannan ilmi Larabawa ke kira handasa, kuma ba baƙo ba ne a garin nan. Sa'ad da Bature Clapperton ya komo Sakkwato a 1826, cikin tsarabar da ya kawo wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello har da littafin Iƙlidis na handasa da Larabci, Bello kuwa ya riga ya san shi, don gidansu sun taɓa mallakar wani gobara ta cinye.

Inda na fi jinjina wa Aljazari shi ne bai ɓoye sirrin sana'arsa ba. Ya ambaci magabatansa, irin su 'ya'yan Musa uku na Bagadaza, ya faɗi inda ya ɗauka daga gare su da inda ya gyara. Sa'an nan kowace na'ura ya zana ta, ya ba da awonta, ya bayyana yadda za a zuba tagulla da yadda za a daidaita huji. Da a ce kowane gwani na Maƙera Asada ya yi haka, da ɗakin karatun makarantarmu bai ishe mu ajiya ba.

Ya rasu a shekarar da ya gama littafin, 1206, Allah ya jiƙansa. Kwafe mafi tsufa yana ajiye a fadar Topkapi ta Istanbul. Wani injiniya ɗan Ingila, Donald Hill, ya juya shi zuwa Turanci a 1974, kuma da bin bayanin littafin aka sake ƙera agogon giwar, ƙato, aka kafa shi a kasuwar Ibn Battuta ta Dubai.