Frederick Griffith, likitan da ya gano ƙwayoyin cuta na cin gadon juna

Frederick Griffith mutumin Ingila ne. Ya yi karatun likita a birnin Liverpool, kana ya share shekaru masu yawa yana aiki a ɗakin awo na ma'aikatar lafiya a Landan. Mutum ne mai kunya, ba ya son taro.

Ƙwayar cutar da ya duƙufa a kanta ita ce nimokok, ɗaya daga dangin istireptokok, mai kawo ciwon haƙarƙari da wani nau'in sanƙarau. Iri biyu ya riƙe: mai riga, wadda ke kashe ɓera, da marar riga, wadda ba ta yi masa kome. Ya dafa mai rigar har ta mutu, ya yi wa ɓera allurarta, ɓera ya tashi garau. Da ya gauraya matacciyar da rayayyar marar riga, sai ɓera ya mutu, kuma a jininsa aka tarar da masu riga da ransu. Ashe rayayyar ta tsinci wani abu daga gawar ƴar'uwarta, ta sake hali, ta kuma gadar wa zuri'arta. Ya buga wannan binciken a 1928.

Bai rayu ya ga mene ne abin ba. A watan Afrilu na 1941 bam na jiragen Jamus ya faɗa gidansa, ya kashe shi tare da abokin aikinsa William Scott. Sai a 1944 Oswald Avery da mutanensa a Amurka suka tabbatar cewa sinadarin gado ne, wato ADN.

Daga baya ne nauyin maganar ya bayyana. A 1959 masanan Japan suka ga ƙwayoyin atuni na miƙa wa wasu dabarar jure magani. Wani ɗan zoben gado da ake kira filasmid ke ɗauke da ita, kuma a shekarun 1970 aka same shi cikin dangin istireptokok. Ita ko nimokok, ta hanyar da Griffith ya gano ta koyi jure penisilin: tana tsinta daga danginta na cikin maƙogwaro. A 1977 aka ga wadda ta gagari magunguna da dama a Afirka ta Kudu.

Makiyayin Gugaram da ɗansa ya kamu da ciwon haƙarƙari lokacin ɗari, asibitin Arlit na da nisa gare shi, in maganin farko bai ci ba ran yaron na cikin haɗari. A 2014 Nijar ta sa allurar rigakafin nimokok cikin alluran jarirai.